Wa Ya Biya Kuɗin Kaɗaicin Thoreau? Nazarin Shekara Biyu a Bakin Tafkin Walden

Ranar 4 ga Yuli, 1845, mutanen Concord a jihar Massachusetts suna bikin ranar 'yancin kan Amurka, Henry David Thoreau ya kwashe 'yan komatsansa ya koma wani ɗaki da ya gina a bakin tafkin Walden. Shekararsa 27. Ya zauna can har 6 ga Satumba, 1847, wato shekara biyu da wata biyu da kwana biyu. Littafin da ya fito daga wannan zama, Walden, an buga shi a 1854, kuma shi ne ya zama madogarar duk Ba'amurken da ya ji duniya ta ishe shi, yana son juya wa jama'a baya ya rayu da ƙarfin kansa. A farkon littafin marubucin ya ce ya zauna shi kaɗai a daji, mil guda tsakaninsa da maƙwabci mafi kusa, a ɗakin da ya gina da hannunsa, yana cin guminsa. Duk gaskiya ne. Sai dai mutumin ya yi suna wajen lissafi, har rabin santi (santi ɗari ke yin dala ɗaya) yake rubutawa, don haka bai kamata ya ji haushi ba idan muka ɗauki littafin lissafin nasa muka duba abin da ya shiga da abin da aka tsallake.

Yadda aka kai ga tafiyar

Thoreau ba ɗan masu kuɗi ba ne. Mahaifinsa fensir yake ƙerawa, mahaifiyarsa Cynthia tana karɓar baƙi 'yan haya da ke kwana da ci a gidan. Da kyar dangi suka haɗa kuɗin da ya yi karatu a jami'ar Harvard, ya gama a 1837. Aikinsa na farko koyarwa ne a makarantar gari, kuma bai kai wata ɗaya ba ya ajiye, saboda an matsa masa sai ya riƙa dukan yara. Daga nan shi da wansa John suka buɗe tasu makarantar. A Janairun 1842 John ya yanke da reza, ciwon ya zama sandar wuya (tetanus), cikin 'yan kwanaki ya rasu a hannun ƙaninsa. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka falsafa ce kawai ta kai Thoreau daji. Aikin da ya fara yi da ya isa bakin tafkin shi ne rubuta littafin tunawa da tafiyar kwalekwale da suka yi da John a 1839. Zaman makoki ne ya ɗauka ya kai inda ba mai katse shi.

Akwai kuma abin kunya. A Afrilun 1844 shi da wani abokinsa suka hura wuta don dafa kifi, wutar ta kuɓuce ta cinye kusan eka 300 na dajin mutanen gari. Shekaru bayan haka ana yi masa kirari da mai ƙona daji a bayan idonsa. Ga digirin Harvard ba aiki, ga ɓarna a dukiyar mutane. A idon Concord, ɗan Cynthia ya zama abin nuni.

Ta fuskar tunani kuwa, ubangidansa marubuci Ralph Waldo Emerson ne, wanda ya girme shi da shekara 14, kuma Thoreau ya taɓa zama a gidansa yana yi masa 'yan aikace-aikace. A 1841 Emerson ya fitar da shahararriyar maƙalarsa kan dogaro da kai, inda ya nuna cewa jama'a kullum so take ta lanƙwasa mutum ya zama irin kowa, kuma cikakken mutum shi ne wanda ya ƙi lanƙwasuwa. Emerson ya rubuta wannan yana zaune a babban gidansa da iyalinsa da masu yi masa hidima. Almajirin ne ya ɗauki maganar da gaske ya ce bari a gwada.

Abin da ke cikin lissafin

Ƙarshen Maris 1845 ya ari gatari ya fara saran itacen da zai yi ginshiƙai. Ya yi alfaharin cewa ya mayar da gatarin ya fi kaifi fiye da yadda ya karɓo shi. Katakon bango kuwa daga bukkar wani ɗan ci-rani daga Ireland ya samo, James Collins, lebura a aikin titin jirgin ƙasa. Sun yi ciniki da yamma a kan dala 4 da santi 25, da sharaɗin su fita da asuba. Da ƙarfe shida na safe Thoreau ya ci karo da iyalin a hanya: ƙunshi ɗaya ne ya ɗauke duk abin da suka mallaka, gado da madubi da injin niƙan kofi da kaji. Kyanwarsu ce kaɗai ta ƙi bin su, ta shige daji. Thoreau ya ba da wannan labarin cikin raha, ya wuce. Ni dai nan na fara tsayawa, domin a shafi guda ga mutum biyu kowa da ɗan kayansa a hanyar daji, ɗaya talauci ya tashe shi, ɗaya kuma ya zaɓi ya ɗanɗana talaucin ya rubuta yadda ya ji.

Da aka zo tayar da ginshiƙan ɗakin a farkon Mayu sai ya kira gayya. Ya ce ba don bukata ya kira su ba, don dai a ƙulla zumuncin maƙwabtaka ne. To, mu da muka san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka sai mu yi murmushi mu bar shi.

Ɗakin ƙafa 10 ne a faɗi, 15 a tsawo. Ya jera kuɗin komai: tsofaffin tagogi biyu, tsofaffin bulo dubu ɗaya a dala 4, ƙusoshi dala 3 da santi 90, har alli na santi ɗaya. Jimilla dala 28 da santi 12 da rabi. Ya kwatanta da dala 30 da ɗalibin Harvard ke biya kuɗin ɗaki duk shekara. Ya noma wake a fili kusan eka biyu da rabi, da ɗan dankali da masara, ya sayar, ya ci ribar dala 8 da santi 71 da rabi. Abincinsa na wata takwas dala 8 da santi 74: shinkafa, garin masara, gishiri, kabewa ɗaya, kankana ɗaya da 'yan tarkace. Daga nan ya yanke hukuncin da ya fi komai jan hankalin masu karatu, cewa aikin mako shida a shekara ya isa ya ciyar da mutum, sauran lokacin nasa ne. Ma'aunin tsadar abu a wurinsa shi ne yawan rayuwar da ka bayar kafin ka same shi. Da wannan ma'auni ya dubi manoman Concord da suka gaji gonaki da bashi, ya ga bayi ne ga abin da suke kira dukiyarsu.

Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ban ga wanda ya rushe ta ba. Inda gizo ke saƙar shi ne layukan da ba su shiga jimillar ba.

Abin da aka tsallake

Filin na Emerson ne, ya saye shi a 1844, kuma bai karɓi ko sisi na haya ba. Wanki da ɗinki, Thoreau da kansa ya rubuta cewa a waje ake yi masa, kuma har yanzu ba a kawo masa takardar kuɗin ba. Ba za a kawo ba, domin gidan su yana nan tafiyar ƙasa da mil biyu, da uwa da 'yan'uwa mata a ciki. Ya kuma amsa cewa yakan ci abinci a gidajen mutane jefi-jefi, kuma kusan kullum ko bayan kwana biyu yakan taka zuwa gari ya ji labarin da ake ciki. Titin jirgin ƙasa na Fitchburg ya ratsa ta gefen tafkin, ta kansa ma yake bi ya shiga gari. Kujeru uku ne a ɗakin, kuma baƙi ba sa yankewa. Ranar 1 ga Agusta, 1846, ƙungiyar matan Concord masu yaƙi da bauta, wadda mahaifiyarsa da 'yan'uwansa ke ciki, a ƙofar ɗakin nan ta yi taronta. A hunturun ƙarshe ma leburori kusan ɗari suka sauka a kan tafkin suna yankan ƙanƙara da za a kai kasuwanni masu nisa, har Indiya.

Masu sukarsa sun daɗe suna riƙe da waɗannan. Marubuci James Russell Lowell, a 1865, ya yi masa tas: filin wani, gatarin aro, katako da ƙusa da littattafai duk na wayewar da yake zagi. Wani marubucin, Robert Louis Stevenson, a 1880 ya kira shi mai laɓe-laɓe, mai gudun nauyin zama da mutane. A ganina sukar ta wuce gona da iri ta wani gefen, domin Thoreau bai ɓoye komai ba, daga bakinsa muka ji yawancin abubuwan nan. Bai taɓa cewa ya yi hijira daga bil'adama ba, gwaji ya kira abin. Mai shiga halwa ma ai wani ne ke miƙo masa abinci ta ƙofa, kuma ba wanda ya ce halwarsa ta ɓaci don haka. Laifin da zan ɗora masa daban ne: ya faɗi taimakon amma bai ba shi nauyi ba. Allin santi ɗaya ya samu layinsa a lissafi, hannun Cynthia da ya cuɗa masa riga ya samu rabin jimla da wasa. Mai karatu da ya zo bayan shekara ɗari zai riƙe dala 28 ɗin, ya manta da uwar.

Wannan makanta ta fito fili ranar da ruwan sama ya kore shi cikin bukkar John Field, wani lebura ɗan Ireland mai mata da 'ya'ya, ɗakinsu na yoyo. Thoreau ya zauna ya yi masa wa'azi: da za ka bar shayi da kofi da man shanu da nama, da ba sai ka yi wannan aikin wahala ba. Gwauro mai digiri, mai gidan uwa a kusa, yana koya wa magidanci tattali. Matar ta tsaya tana kallonsa. Da ta rubuta nata littafin, da mun ji wani lissafin.

Waɗanda daji ya zame wa dole

Babi mafi nauyi a littafin, a wurina, shi ne wanda ya waiwayi mutanen da suka riga shi zama a dajin Walden. Wasunsu baƙaƙen fata ne da suka fito daga bauta, aka bar musu ƙasar da ba ta noma. Akwai Cato Ingraham. Akwai Brister Freeman, wanda itatuwan tuffa da ya dasa suka rage bayansa. Akwai Zilpha, mace ita kaɗai, tana kaɗi tana sayar wa mutanen gari zaren lilin, tana waƙa da babbar murya. A lokacin yaƙin 1812 wasu sojojin Ingila, fursunonin yaƙi da aka sake su suna yawo, suka cinna wa ɗakinta wuta ba ta nan, karenta da kyanwarta da kajinta suka ƙone. Thoreau ya bi ramukan da suka rage na gidajensu ya rubuta sunayensu, abin da tarihin garin bai damu ya yi ba, kuma wannan abin a yaba masa ne. Amma ajiye su kusa da shi yana nuna bambancin da littafin bai furta ba. Zilpha ta yi shekaru masu yawa a wannan daji ba tare da wata ƙofa da za ta ƙwanƙwasa ba. Shi kuwa ranar da ya ga dama ya tattara ya koma gari, dalilinsa kawai yana da wasu rayuwoyin da zai yi.

Dare ɗaya a gidan yari

A Yulin 1846 ya shiga gari karɓar takalminsa wurin baduku, sai ya haɗu da Sam Staples, mai karɓar haraji kuma mai riƙe da makullin gidan yari. Thoreau ya yi shekaru bai biya harajin kai ba, don ya ƙi tallafa wa gwamnatin da ta halatta bauta, ga shi kuma a shekarar ta shiga yaƙi da Meziko. Staples sanin juna ne, har ya yi tayin biya masa. Ya ƙi. Aka rufe shi tare da wani da ake zargi da ƙona rumbu. Kafin gari ya waye wani ya kai kuɗin, masu tarihi sun fi karkata ga gwaggonsa Maria. Da safe aka ce ya fita, ya fusata, domin so ya yi zamansa a ciki ya zama magana. Ya karɓi takalminsa ya bi abokai tsinkar 'ya'yan itace a tudu.

Dubi yadda abin ya kasance. Ya ƙalubalanci hukuma, hukumar ta zo masa da fuskar maƙwabci mai son rufa masa asiri. Ya nemi ya ɗauki hukunci, dangi suka fanshe shi ba da izininsa ba. Jama'ar da yake turewa ta ƙi sakinsa. Daga wannan dare guda ya yi lacca a 1848, aka buga ta a 1849, ita ce maƙalar ƙin bin dokar zalunci da Gandhi ya karanta a Afirka ta Kudu, Martin Luther King ya karanta yana ɗalibi. Su biyun sun ɗauki abin da mutum ɗaya ya yi suka mayar da shi aikin dubban mutane, suka kuma sha ɗauri na gaske. Tunanin bai yi aiki ba sai da ya shiga hannun taro.

Abin da shi kansa ya biya

Kada a ɗauka ya fita salin-alin. Littafin tunawa da John ya fito a 1849 bisa sharaɗin shi zai ɗauki asarar, kuma Emerson na cikin waɗanda suka ƙarfafa masa gwiwa. Aka buga kwafi 1,000. A 1853 mai ɗab'in ya gaji da ajiya ya dawo masa da 706. Ya yi ta jidar su a baya zuwa ɗakinsa na sama, sannan ya rubuta a kundinsa cewa yanzu yana da ɗakin karatu mai littafi kusan 900, fiye da 700 shi ya rubuta su. Raha ce mai ɗaci: bashin kusan dala 290 ne, ya ninka kuɗin ɗakin Walden sau goma, kuma ya yi shekaru yana biya da aikin awon filaye da na fensir. Mutumin da ya ce mako shida sun isa, ya ƙare yana auna wa manoma iyakar dazuzzukan da za su sare. Walden ɗin ma kwafi 2,000 aka buga, sai da ya ɗauki kusan shekara biyar kafin ya ƙare.

Asarar da ta fi wannan ita ce ta mutane. Bai yi aure ba. Ya nemi Ellen Sewall a 1840, bayan wansa ya nema an hana shi, shi ma aka hana shi. Tsakaninsa da Emerson ya yi sanyi, kundinsa cike yake da kukan abota da ta ƙi daɗi. Ya saba wa kansa musu har ya zama ɗabi'a: ka ce fari, ya ce baƙi, ko da ya yarda da kai. A jawabin da Emerson ya yi bayan rasuwarsa ya kawo maganar wani aboki da ya ce yana ƙaunar Henry amma ba ya jin daɗinsa, kuma riƙe hannunsa da riƙe reshen bishiya duk ɗaya. Emerson ya ƙara da nasa, cewa mutumin da ya kamata ya jagoranci Amurka ya ƙare a shugaban masu tsinkar 'ya'yan itace. Magana ce mai zafi daga wanda ya koya masa ƙin bin sahu tun farko.

Adabin Amurka na wannan zamani ya san inda hanyar take kaiwa idan babu mai tarewa. Shekara ɗaya kafin Walden, a 1853, Herman Melville ya fitar da labarin Bartleby, magatakardan wani lauya a New York wanda ya fara da ƙin duba takarda, ya ƙi aiki, ya ƙi tashi daga ofis, daga ƙarshe ya ƙi abinci ya mutu a gidan yari. Ƙin da ya yi bai fi na Thoreau tsanani a farko ba. Ba shi da gwaggo ne kawai. A rayuwa ta zahiri kuma akwai Christopher McCandless, wanda ya gama jami'a a 1990, ya kyautar da kusan dala 24,000 da ke asusunsa, ya yanke hulɗa da iyayensa, ya shiga dajin Alaska a Afrilun 1992 da ɗan buhun shinkafa da bindiga. Da ya so fitowa kogi ya cika ya tare shi. Ya mutu a watan Agusta cikin wata tsohuwar bas, yana da shekara 24, kuma a cikin littattafan da aka samu tare da shi akwai Walden da layukan da ya ja wa alama. Ba za a ɗora wa Thoreau alhakin wannan ba. Amma yaron ya karanta jimillar lissafin ne ya aikata ta, a wurin da ba titin jirgi, ba gari a mil biyu.

Bayan dawowa

Da ya bar tafkin, gidan Emerson ya koma ya kula da iyalin yayin da maigidan ke Ingila. Daga nan sai gidan iyayensa, inda ya zauna har ƙarshen ransa. Abin lura, a nan ne, cikin mutane, ya yi ayyukan da suka fi haɗari. A 1851, bayan an kafa dokar kamo bayin da suka gudu, ya taimaka wa wani mai suna Henry Williams da ya ɓuya a gidansu ya hau jirgin ƙasa zuwa Kanada. Ranar 4 ga Yuli, 1854, ya yi jawabi mai zafi kan bauta a gaban taro a Framingham. A ƙarshen Oktoban 1859, lokacin da kusan kowa ke tsine wa John Brown, mai yaƙi da bauta, saboda harin da ya kai rumbun makaman gwamnati a Harpers Ferry, Thoreau ya tara mutanen Concord ya kare shi a fili. Taurin kan da ya hana shi abokai shi ne ya ba shi bakin yin wannan magana, kuma gidan matan nan masu yaƙi da bauta ne ya ba shi inda zai tsaya ya yi ta. Da mahaifinsa ya rasu a farkon 1859 ɗin, shi ya karɓi ragamar sana'ar gidan.

Tarin fuka ya kwantar da shi, ya rasu ranar 6 ga Mayu, 1862, yana da shekara 44, mahaifiyarsa da ƙanwarsa Sophia suna jinyarsa. An yi jana'izarsa a cocin garin, wanda tun yana saurayi ya sa aka cire sunansa daga rajistarsa. A watanninsa na ƙarshe, da hannu ya kasa riƙe alƙalami, Sophia ce ke rubuta abin da yake faɗa. Bayan rasuwarsa ita da abokinsa Ellery Channing suka tattara takardunsa suka fitar da littafin tafiye-tafiyensa a dazukan Maine a 1864 da na Cape Cod a 1865. Kundin da ya yi fiye da shekara ashirin yana rubutawa, mai kalmomi kusan miliyan biyu, Sophia ta adana shi ta miƙa wa wani amininsa, aka buga shi a mujalladi 14 a 1906.